Me ya sa fina-finan iyali da ake yabawa ba su da mugu?

Tambaya: Malam, ina son fina-finan da suka shafi iyali da zaman aure. Na nemi wasu da na ji masana suna ta yabo, sai na tarar babu mugu a ciki, babu wanda aka hukunta, wani ma ya ƙare ba a nuna yadda aka kwashe ba. Ni ce ban gane ba, ko yabon ne ya yi yawa? Kuma a cikin waɗanda ka kalla kwanan nan, wanne ya cancanci a ɓata masa lokaci?

Amsa: 'Yar'uwa, kin gane sarai. Abin da kika lura da shi, wato rashin mugu, shi ne ainihin abin da ake yabawa. Akwai kuma wuraren da yabon ya wuce gona da iri, zan zo kansu. Sai dai ki sani ba zan iya yin wannan bayani ba tare da na tona yadda wasu labaran suka ƙare ba.

Aikina koyar da rubutun labarin fim ne, kuma a 'yan kwanakin nan na sake kallon fina-finai biyu a jere waɗanda ƙashin bayansu ɗaya ne. Na farko shi ne Baghban na Indiya, wanda Ravi Chopra ya ba da umarni a 2003, da Amitabh Bachchan da Hema Malini. Na biyu Tokyo Story ne na Japan, aikin Yasujiro Ozu a 1953. Dukansu labarin tsofaffi ne da suka wayi gari suka ga babu wurinsu a gidajen 'ya'yan da suka haifa. Labarin ma ya girme su duka biyu, domin a 1937 Leo McCarey ya yi shi a Amurka da sunan Make Way for Tomorrow, inda banki ya karɓe gidan wasu tsofaffi, 'ya'yan suka raba su, uwa a nan, uba a can. Kogo Noda, abokin rubutun Ozu, ya kalli wancan fim kafin su zauna rubuta nasu.

A Baghban an raba mutane gida biyu tun daga tushe. Iyaye tsarkakakku ne, ba su taɓa kuskure ba. 'Ya'ya maza huɗu da matansu butulu ne, kana ganin fuskokinsu ka san abin da za su aikata. Ga kuma ɗan riƙo, wanda Salman Khan ya fito a matsayinsa, da aka ajiye musamman don a nuna wa 'ya'yan cikin yadda ake biyayya. A ƙarshe uban ya rubuta littafi, littafin ya yi kasuwa, kuɗi suka dawo, 'ya'yan suka lallaɓo neman gafara, shi kuma ya tsaya a bainar jama'a ya yi jawabi ya juya musu baya. Mai kallo ya share hawaye, zuciyarsa ta yi sanyi.

Ban raina wannan ba. Fim ɗin ya yi abin da ya yi niyya, kuma sa mutum kuka ba ƙaramin aiki ba ne. Amma ki lura da abu guda. Duk wanda ya kalle shi, a gefen iyayen yake zama. Ban taɓa jin wanda ya tashi daga gaban allo ya ce ai ni ne wancan ɗan na biyu ba. An zana 'ya'yan da muni har babu mai iya ganin kansa a cikinsu, ko da kuwa ya yi wata guda bai kira mahaifiyarsa ba. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, kuma fim mai mugu tudun yake ƙara maka.

Ozu ya toshe wannan hanyar gudu. Tsofaffinsa sun taso daga garin Onomichi a jirgin ƙasa zuwa Tokiyo don ganin 'ya'yansu. Babban ɗan likita ne a wata unguwar bayan gari. Ya shirya zai fita da su yawo ran Lahadi, kowa ya yi ado, sai aka zo kiransa kan wani yaro da jikinsa ya tsananta. Me za ki ce ya yi? Ya bar marar lafiya? 'Yar kuma tana da shagon gyaran gashi a cikin gidanta, idan ta rufe babu na cefane. Sai suka haɗa kuɗi suka tura iyayen wurin shaƙatawa na Atami, a ganinsu gata suka yi musu. Can kuma matasa suka cika masaukin da hayaniya har tsakar dare, tsofaffin suka kasa barci, suka dawo kafin lokaci, dawowar ta zama takura. Babu wanda ya zage su, babu wanda ya kore su. Kowa na da uzuri, kuma kowane uzuri gaskiya ne. Da aka tara uzururrukan sai ga tsofaffi biyu zaune a waje da ƙunshin kayansu suna shawarar inda za su kwana.

Wadda ta kula da su ita ce Noriko, matar ɗansu da bai dawo daga yaƙi ba. Marubuci mai son sauƙi da ya mayar da ita waliyyiya, kamar ɗan riƙon Baghban. Ozu bai yarda ba. Bayan rasuwar tsohuwar, ƙaramar 'yar gidan ta fusata da yadda yayyenta suka yi saurin komawa bakin aiki, har ɗaya tana neman a ba ta wasu tufafin mamaciyar. Noriko ce ta kare su, ta nuna mata cewa kowa da rayuwar da ke jansa, kuma ita ma tana jin kanta tana zama haka. Ta kuma faɗa wa surukinta cewa akwai ranakun da suke wucewa ba ta tuna mijinta ba. Wannan furucin ya fi kowane jawabi nauyi a wurina, domin ya cire wa mai kallo mutum na ƙarshe da zai iya fakewa a bayansa.

Har yadda aka ɗauki hoton ma yana wannan aikin. Ozu yana ajiye kamara ƙasa ƙasa, daidai idon wanda ke zaune a kan tabarmar ɗaki, kuma da ƙyar take motsawa. Ba ya matso da ita kan fuska don ya ce miki ga inda za ki yi kuka. Mutuwar tsohuwar ma bai nuna ta ba, sai hotunan gari da asuba, sannan iyali zaune. A 2012, da mujallar Sight and Sound ta tambayi daraktocin duniya fim ɗin da ya fi kowanne, wannan ne ya zo na ɗaya. Ba na cewa ƙuri'a hujja ce, amma masu sana'ar sun san wuyar abin da ya yi.

Idan tafiyar Ozu ta yi miki sanyi, wanda zan fi tura ki gare shi shi ne A Separation na Asghar Farhadi, fim ɗin Iran na 2011. Ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na Berlin a shekarar, sannan a 2012 ya zama fim ɗin Iran na farko da ya ci Oscar, babbar kyautar fina-finai ta Amurka. Ban san wani rubutu da ya fi shi ɗaurewa tamau ba a cikin fina-finan aure.

Fitowar farko kaɗai darasi ce. Miji da mata, Nader da Simin, suna zaune gaban alƙali, amma ba a nuna alƙalin. An dasa kamarar a kujerarsa, saboda haka ke suke kallo, ke suke kai wa ƙara. Simin tana so su bar ƙasar domin makomar 'yarsu Termeh mai shekara 11. Nader ya ce ba zai tafi ya bar mahaifinsa ba, wanda cutar mantuwa ta cinye har bai cika gane mutane ba. Ita ba ta ce mugun miji ne ba, a gaban alƙali ma ta yabi halinsa. To wa za ki ba gaskiya? Uwar da ke duban gaba, ko ɗan da ke duban baya?

Daga nan Farhadi ya shigo da gida na biyu. Simin ta koma gidan iyayenta, Nader ya ɗauki wata mata mai suna Razieh don ta kula da tsohon. Talaka ce, mai riƙo da addini, tana da juna biyu, mijinta ba shi da aiki kuma bashi ya yi masa katutu, ba ta ma gaya masa ta karɓi aikin ba. Ranar farko tsohon ya ɓata jikinsa, sai ta ɗauki waya ta kira malamai tana tambaya ko zunubi ne ta wanke namijin da ba muharraminta ba. A wannan 'yar fitowar an gaya miki ko wace ce ita, kuma an dasa abin da zai fashe a ƙarshe.

Wata rana Nader ya dawo ya tarar da mahaifinsa a ƙasa, an ɗaure hannunsa a jikin gado, matar ba ta nan. Da ta dawo ya zarge ta da sakaci da satar kuɗi, ya tura ta waje. Cikin ya zube. Shari'a ta koma kan tambaya ɗaya: ya san tana da ciki lokacin da ya tura ta? Idan ya sani, tuhumar kisa ce. Ya ce bai sani ba. Ƙarya yake, kuma 'yarsa ta gano. Da ta tsare shi, ya amsa mata cewa ya sani, amma a wannan lokacin na fushi abin ya fita daga kansa, doka kuwa ba ta da gurbin irin wannan bayani, ko ka sani ko ba ka sani ba. Daga baya yarinyar da kanta ta yi wa alƙali ƙarya don ta kare uban da ya rene ta a kan faɗin gaskiya. Ki dubi fuskarta a mota bayan sun fito. ('Yar daraktan ce ta cikinsa, Sarina Farhadi, ta fito a wannan matsayi.)

Razieh ma tana da nata ɓoyon. Kwana ɗaya kafin rigimar, tsohon ya sulale ya fita titi, ta bi shi, mota ta buge ta. Ita kanta ba ta da tabbacin abin da ya zubar da cikin. Farhadi ya yanke wannan hatsarin daga fim ɗin da gangan, ya bar mu cikin duhu ɗaya da alƙali. Da aka shirya sulhu a kan diyya, kuɗin da za su fitar da mijinta daga hannun masu binsa bashi, Nader ya nemi ta rantse da Alƙur'ani cewa shi ne sanadi. Ta kasa. Tana tsoron kuɗin haram su taɓa 'yarta. Gidanta ya rushe a kan gaskiyarta, gidan Nader ya rushe a kan ƙaryarsa, kuma babu ɗayansu da za ki iya kira mugu.

Abin da nake nuna wa ɗalibai a nan shi ne inda matsin yake fitowa. Idan ka cire mugu daga labari, dole wani abu ya maye gurbinsa, in ba haka ba labarin ya kwanta. A nan abubuwan da suka maye gurbin su ne cuta, bashi, tazarar mai hali da marar hali, da dokar da ke neman amsar e ko a'a a inda gaskiya take da rassa. Shi ya sa ake cewa fim ɗin iyali mai kyau fim ɗin al'umma ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma Farhadi tsagar yake nuna miki da abin da ya tsaga ta.

Ƙarshensa na cikin irin waɗanda kika yi ƙorafi a kai. Alƙali ya tambayi Termeh wa za ta bi, ta ce ta yanke shawara amma a fitar da iyayenta tukuna. Suka fita suka tsaya a baranda, ƙofar gilashi a tsakaninsu, sunaye suka fara hawa allo. Ba a faɗi wanda ta zaɓa ba. A ganina wannan ba rowa ba ce. Ko uwa ta ce ko uba, ɓarnar ta riga ta auku tun lokacin da aka ɗora wa yarinya wannan zaɓi. Da an faɗi sunan, da kin tashi kina muhawarar ko ta zaɓi daidai, kin manta da waɗanda suka kai ta wurin.

Amma kina da gaskiya ta wani ɓangaren. Barin ƙarshe a buɗe ya zama yayi, kuma akwai daraktocin da ke yanke fim don kawai ba su san yadda za su rufe shi ba, sai a kira abin zurfi. Ma'aunin da nake amfani da shi shi ne in tambayi kaina ko amsar da aka hana ni za ta canza wani abu. Idan za ta canza, an cuce ni. Idan ba za ta canza ba, an kyauta da aka yi shiru.

Da wannan ma'aunin na auna Anatomy of a Fall na Justine Triet, fim ɗin Faransa da ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na Cannes a 2023, ya kuma ci Oscar ta rubutun labari a 2024. An tsinci gawar miji a ƙasan gidansu da ke kan tsauni, ana tuhumar matar, wadda marubuciya ce Bajamushiya. Babban shaida ɗansu ne mai raunin gani. A kotu aka kunna faifan wata rigima da mijin ya naɗa a ɓoye, kuma wannan rigimar ita ce zuciyar fim ɗin: wa ya sadaukar da lokacinsa, wa ya ci gaba a sana'a a kan wuyan wani, da harshen wa ake magana a gida. Duk ma'auratan da suka taɓa ƙirga wa juna alheri za su ji ta a jikinsu. An sallami matar, ba a nuna mana abin da ya faru ba. Ya tsallake ma'aunina, amma da ƙyar. Zaman kotun ya yi tsawo a fim mai kusan awa biyu da rabi, kuma akwai wani sanyi a cikinsa da ya sa na fi jinjina masa fiye da yadda na so shi.

Marriage Story na Noah Baumbach, na 2019, shi ne wanda nake ganin yabonsa ya ɗan zarce. Yana da abu ɗaya da ya kama da kyau, wato yadda mutum biyu da suka yi niyyar rabuwa cikin mutunci suke zama abokan gaba da zarar lauyoyi sun shigo, kowane ƙaramin sirri na zaman tare ya koma makami. Laura Dern ta ci Oscar a matsayin lauyar matar, kuma ta cancanta. Sai dai fim ɗin yana da'awar adalci alhali ya fi daɗewa a ɗakin mijin. Wahalarsa muke gani da ido, tata kuwa yawanci labarinta muke ji.

Kada kuma ki ɗauka ina cewa kada a taɓa samun mai laifi a fim. Thappad na Anubhav Sinha, wanda ya fito a Indiya a 2020 da Taapsee Pannu, yana da mai laifi ƙarara. Miji ya mari matarsa a gaban baƙi, a daren da ya ji cewa ƙarin girman da yake jira a Landan ya samu tangarɗa. Mari ɗaya ne, kuma ta nemi saki. Ƙarfin fim ɗin shi ne ba a mai da mijin dodo ba. Ba mashayi ba ne, ba mai duka kullum ba ne, mutum ne da bai taɓa kawowa a ransa cewa akwai abin ba da haƙuri a nan ba. Masu cewa ta yi haƙuri kuma su ne masu ƙaunarta, har da mahaifiyarta da surukarta, matan da su ma haƙurin aka ce su yi. Rauninsa a ƙarshe yake, inda kowa ya samu damar yin jawabi, kamar daraktan bai amince mun fahimta ba.

Na bar Shoplifters na Hirokazu Kore-eda zuwa yanzu domin shi tambayar ya juya gaba ɗaya. Ya ci babbar kyautar Cannes a 2018. Wasu mutane ne cunkushe a wani tsohon gida a Tokiyo, suna rayuwa da fanshon wata tsohuwa, da ƙananan ayyuka, da ɗauke-ɗauke a kantuna. Wani dare mai sanyi suka tsinci ƙaramar yarinya a waje, jikinta da tabo, suka kai ta gida suka riƙe. Sannu a hankali za ki gane babu jinin da ya haɗa yawancinsu. A idon doka ɓarayi ne kuma masu satar yara. A idon yarinyar su ne mutanen farko da suka rungume ta ba su doke ta ba.

Da Kore-eda ya tsaya a nan, da ya yi nasa Baghban ɗin a juye, talakawa masu zuciyar zinariya da hukuma marar tausayi. Bai tsaya ba. Da tsohuwar ta mutu, a cikin gidan suka binne ta suka ci gaba da karɓar fanshon. Da aka kama wani yaro da su ma suke riƙo, yana kwance a asibiti, sun yi yunƙurin guduwa su bar shi. Ƙaunar gaskiya ce, son kan ma gaskiya ne, a cikin mutane guda. Fitowar da 'yar sanda ke tambayar matar gidan da wane suna yaran suke kiranta, Sakura Ando da ta fito a matsayin matar tana ta goge hawaye da tafin hannu kamar mai share gumi, na cikin mafi kyawun wasan da na gani. Hukuma ta mayar da yarinyar hannun iyayen da suka haife ta, komai bisa ƙa'ida.

Parasite na Bong Joon-ho za ki ji ana sa shi a wannan layi, tun da ya ci Cannes a 2019 da Oscar huɗu a 2020. Gwanin fim ne, amma a wurina labarin tazarar arziki ne da aka ba iyalai biyu su ɗauka, ba labarin abin da ke tsakanin 'yan gida ɗaya ba. Ki kalle shi don kansa.

Idan za ki bi shawarata, ki fara da Thappad, domin salonsa ya fi kusa da abin da kika saba. Daga nan A Separation, sai Shoplifters. Tokyo Story ki ajiye shi sai ranar da ba ki da gaggawa, baƙi da fari ne kuma ya haura awa biyu. A Separation kuwa ki nemi mai fassara mai kyau a ƙasan allo, don maganar tana gudu kuma mutane suna katse juna. Ki ajiye waya tun daga farko. Akwai wata 'yar fitowa da Simin ke biyan masu ɗaukar kaya a matakala, wadda yawancin masu kallo ba sa lura da ita, kuma a nan ne amsar kuɗin da aka zargi Razieh da sacewa take.